Shekarar da Inna Ta Hau Dutse da Tulu

Tun da Safiya ta fara maganar tana son neman gurbi a makarantar da kawunku Lawali ya yi a Amurka nake jin ƙananan maganganu suna yawo a gidan nan. Kuna zaton tsufa ya toshe mini kunne, to gwiwa kawai ya kama, kunnena ras yake. Na ji wanda ya ce wai makarantar ce ta raba Yaya Lawali da Inna, wai tana kwance wata da watanni ya ƙi zuwa don boko ya fi masa uwa. Wanda ya faɗa ya san kansa, kuma a lokacin ko cikinsa ba a ɗauka ba. Ni nake wurin, ni na ɗauki tulun a kaina, don haka ku bari ku ji daga bakina kafin ku ci gaba da cin naman bawan Allah.

Sai na fara muku da Kawu Bawa, ƙanin Inna, don ba za ku gane tsoron da muka zauna da shi ba in ba ku san shi ba. Shi ne na farko a danginmu da ya ƙetare teku, tun ina goye. Gwamnatin wancan zamani ce ta tura shi wata makaranta ta baƙaƙen fata a kudancin Amurka. Ya fara karatu lafiya, ana ta murna, sai kakarmu ta Kwatarkwashi ta ga shiru ya yi yawa, ta yi masa kiranye. Ku yaran yanzu ba ku san kiranye ba, kuma Allah ya sa kada ku sani, malamai ma sun hana. Yadda ake yi, ranar da mutum zai yi tafiya sai a ɗebi ƙasar sawunsa a ɓoye. In ana son ya dawo sai a zuba ta a tulu, a hau dutse da tsakar rana lokacin da ba kowa, a kafa baki a bakin tulun a kira sunansa. An ce ko bangon duniya yake sai ya ji, kuma ba zai ƙara samun sukuni ba sai ya zo. Ranar da aka yi wa Kawu Bawa, Inna ce ta riƙe wa kakarmu tulun, tana da ƙuruciya ba ta san abin da take riƙewa ba. Da kakarmu ta rasu tulun ya dawo ɗakin Inna a Bungudu, yana ƙarƙashin gado a kife, ba a zuba masa ruwa, mu kuma ko shara muke yi ba ma kai tsintsiya wajen.

Kawu ya dawo ba akwati, ba takardar gamawa, da rigar da ke jikinsa. Ya ce yana zaune a ɗakin karatu da sassafe ya ji an ce Bawa daga ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ya tashi ya bar littafinsa a buɗe. Ba hauka ya yi ba, kada ku ce na ce. Ya yi aure a Tsafe, ya koyar a firamare har ya yi ritaya, yana sallarsa a kan lokaci. Amma kuna cikin hira da shi sai ya dakata, ya juya kai gefen da ba kowa, ya ce na'am a hankali, ya ɗan jira, sannan ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya. Muna yara abin dariya yake ba mu. Da na girma na lura da yadda fuskarsa take yi a lokacin jiran nan, sai na daina dariya, har na riƙa tsoron zama da shi ni kaɗai.

Shi ne ya cusa wa Yaya Lawali son makarantar. Yaya yana koyarwa a Gusau a lokacin, ni kuma ina aure a nan Gusau ɗin, unguwar Tudun Wada, ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk ranar hutu sai ya hau mota ya tafi Tsafe wurin Kawu, wani lokaci in bi shi don in sari gyaɗa. In Kawu ya fara labarin makarantar nan bakinsa ba ya gajiya. Ya ce a can ƙasar an yi zamanin da laifi ne a koya wa bawa karatu. Da aka 'yanta su, manyan makarantun Turawa suka rufe musu ƙofa, sai suka tashi su da masu tausaya musu suka kafa nasu, wasu a rumfa suka fara, wasu a ɗakin ibada. Ya ce a tasu makarantar ɗaliban farko su suka kwaɓa ƙasa suka buga tubalin da aka gina azuzuwa, da safe gini, da yamma darasi. Daga irin waɗannan makarantu malamansu da likitocinsu da lauyoyinsu suka fito, har da wasu 'yan Afirka da suka dawo suka yi fafutukar 'yancin ƙasashensu. Abin da ya fi nanatawa shi ne a can ba wanda zai yi mamaki don baƙin mutum ya fi kowa ƙoƙari a aji, domin malamin ma baƙi ne, shugaban makarantar ma baƙi ne. Wani abokinsa na wancan zamani ya zama malami a wurin, ta hannunsa aka nema wa Yaya gurbi da tallafi, ya samu, zai karanci likitancin dabbobi. Shekarar ce ta bi bayan wadda aka ba mu jihar Zamfara, gari cike da baƙin ma'aikata, kowa yana neman kujera, shi kuwa Yaya hankalinsa yana bayan teku.

Saura Inna. Babanmu ya riga ya rasu, Yaya ne ɗanta na fari, kuma kun san yadda iyayen zamanin da suke kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallonsa ido da ido, in zai ci abinci ni take ba wa in kai, in za ta ambace shi sai ta ce yayan Dije. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta damu da shi ba, alhali in ya yi tari a zaure tana ɗaka sai ta bar abin da take yi.

Kawu Bawa da kansa ya rako Yaya Bungudu neman yardarta. Inna tana tsakar gida tana tsince wake a faifai, ta saurare su har suka gama ba ta ɗaga kai ba. Sannan ta yi wa Kawu magana, kamar Yaya ba ya wurin.

"Bawa, can ɗin ba can ne anka kai mutanen da anka sace ba? Cikinsu wa ya taɓa komowa?"

Kawu ya ce wa yayar tasa, "Su ma iyayensu sun kira su, ruwa ya hana su ji. Da sunka ga ba mai zuwa ɗaukarsu sai sunka zamna sunka gina makaranta. Ni an kira ni na ji. Ki dube ni."

Ba ta dube shi ba. Ya roƙe ta ta yi masa alkawarin ba za ta yi wa yaron nan abin da aka yi masa ba, ya ce in ya so duk shekarar da ya gama ya dawo da ƙafarsa. Yana cikin roƙon ne ya tsaya, ya juya wajen bakin rijiya, ya ce na'am. Na ga hannun Inna ya tsaya a cikin waken har Kawu ya juyo. Ba ta yi alkawari ba, ba ta kuma hana ba, cewa kawai ta yi Allah ya kai shi lafiya, ta tashi ta shiga ɗaki da faifanta.

Ranar tafiya an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi. Muka raka shi ƙofar gida, mota tana jira a bakin titi za ta kai shi Kano. Inna ba ta fito ba sai da ya yi nisa. Na dawo ɗaukar mayafina na tarar da ita a tsugune a bakin zaure, tana kwasar ƙasa daga inda takalminsa ya taka, tana ƙullewa a bakin zanenta. Muka haɗa ido. Na ɗauki mayafina na wuce. Tun daga ranar duk zanen da za ta ɗaura sai ta mayar da ƙullin nan jikinsa.

Akwai wani Alhaji kusa da kasuwar Gusau mai wayar tarho a shagonsa, a nan Yaya yake kirana wasu ranakun Juma'a. Muryarsa takan zo da jinkiri, in na yi magana sai in ji tawa ta dawo mini. Yana jin daɗin wurin ƙwarai. Ya ce malamansa suna zama da shi bayan darasi har sai ya gane, ya ce wata tsohuwa mai kula da ɗakin kwanansu da ta ji daga inda ya fito sai da ta riƙe hannunsa ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ya ce ya ga ginin da Kawu yake faɗa, kuma a jikin wasu tubalan har yanzu akwai shatin yatsun waɗanda suka buga su, ya sa nasa yatsun a ciki suka zauna daidai. In na kai wa Inna labarin nan sai ta ce to, ta ci gaba da aikinta, hannunta ɗaya a kan ƙullin.

Da damina ta zagayo ciwo ya kama ta. Tun tana ɓoyewa har ya ƙi ɓoyuwa, cikinta ya kumbura, jikinta ya zube. Muka kai ta asibiti a Gusau, aka yi abin da za a yi, daga baya likita ya ja ni gefe ya ce mu koma gida mu kula da ita. Na bar sana'ata da ɗakina na tare a Bungudu. Dangi suka taso mini, Baffa Isa ƙanin babanmu ya fi kowa zafi, ya ce in je in buga waya in gaya wa Lawali ya zo ya ga uwarsa, karatu ba ya ƙarewa amma uwa ɗaya ce. Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma abin da nake so ke nan. Na gaji, ina jin haushin Yaya yana can yana shafa tubali ni ina nan ina wankin jinya. Na yafa mayafi zan fita, Inna ta kira ni daga kan gado.

"Dije, ina za ki?"

Na gaya mata.

"Waya ma tulu ce. In kin hwaɗa mishi kin kira shi. Ban yarda ba."

Haka na riƙa zuwa shagon Alhaji ina gaya masa abin da ta ce in gaya masa, wato tana gaishe shi, ya riƙe karatu. Yakan ce, Dije, lafiya dai ko, in ce masa ga saƙonta nan na ba ka. In na ajiye wayar sai in zauna a bencin Alhaji in yi kukana in share ido in hau mota.

Ana nan, gero ya fara fitar da kai, wata safiya Inna ta tashi da ɗan ƙarfi, ta sha kunu, ta ce in jawo mata tulun da ke ƙarƙashin gado. Na tsaya ina kallonta. Ta ce ko ban ji ba ne. Na durƙusa na jawo shi, ƙaramin tulu ne baƙi, ba nauyi, amma sanyinsa kamar yanzu aka juye ruwa daga ciki, ga shi ko yanar gizo babu a bakinsa. Ta ce in naɗe shi a zane in samo mana mota, za mu Kwatarkwashi. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata biyu ta rabu. Ina son ta kira shi, wallahi ina so, don in ga Yayana ya shigo ya karɓe ni. Kuma ina ganin Kawu Bawa a idona, ina ganin Yaya nan da shekaru yana zaune a wani benci yana amsa wa iska. Na buɗe baki zan yi magana ta ce in na fasa za ta nemi wani ya kai ta.

Mota ta sauke mu a gindin duwatsu rana ta kusa take tsaka. Ba sama can muka hau ba, ba za ta iya ba, wani falalen dutse ne mai faɗi a bayan tsohon gidan kakarmu wanda ya zama kango. Duk da haka sai da muka yi ta hutawa, tulu a kaina, ita tana rataye a kafaɗata, nauyinta bai fi na yarinya ba. Da muka isa ta zauna ta miƙe ƙafa. Daga nan ana hango gonaki kore shar har inda ido ya tsaya, can ƙasa wani Bafulatani yana kora shanu. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Lokacin damina ne, ya kamata a ji tsuntsaye da ƙwari, amma ko ƙuda babu. Shanun nan ina ganin bakinsu yana motsi, ina ganin mai su yana ɗaga sanda, sauti bai iso mu ba. Dutsen yana ƙona mini tafin ƙafa, amma hannuwana da ke riƙe da tulun sun yi sanyi har suna ciwo.

Ta kwance ƙullin ta zazzage ƙasar a ciki, na ji saukarta a gindin tulun. Ta ce in riƙe da kyau. Na durƙusa a gabanta na riƙe, kamar yadda ita ta riƙe wa tata uwar. Ta sunkuya ta kafa baki. Numfashinta ya riƙa shiga yana fitowa da wani irin gurnani, tulun yana rawa a hannuna. Na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina jiran in ji sunan da ban taɓa ji daga gare ta ba. Ta daɗe a haka, har na zaci ta suma. Sannan ta yi magana, muryar ta fito da kauri kamar ba tata ba.

"Yayan Dije. Zamna inda kake. Kada ka taho. Ka gama abin da ya kai ka."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta ɗago fuskarta jiƙe da gumi, ta jingina da ni tana haki. Can sai na ji kukan saniya daga ƙasa, na ji kurciya, duniya ta dawo da hayaniyarta. Na tambaye ta ko in ɗauko tulun, ta ce in bar shi nan, ta gama da shi. A mota ta yi barci a kafaɗata har Bungudu, kuma ban gaya wa kowa inda muka je ba, na ce asibiti muka koma.

Ba ta ƙara tashi ba. Ta rasu bayan an yanke gero, da hantsi, ina riƙe da ita. Sai da aka kai ta aka dawo sannan na je shagon Alhaji. Na gaya wa Yaya. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya ce zai zauna ya gama. Bai tambaye ni me ya sa ban gaya masa tana ciwo ba, ni kuma a lokacin wannan ya ƙona mini rai, na ce lallai mutumin nan zuciyarsa ta bushe. Dangi suka ɗauka suka yi ta yayatawa, ita ce maganar da ta gangaro har ta iso bakinku.

Ya gama ya dawo da ƙafarsa da takardarsa da hankalinsa. Sauran kun sani. Ku je rugagen da ke tsakanin Bungudu da Karakkai ku ambaci sunansa ku ga yadda za a tarbe ku, ku ƙirga yaran da ya koyar suka zama mutane. Kawu Bawa ya rayu har ya ga dawowarsa, ya riƙe takardar nan da hannu biyu yana kuka kamar tasa ce. Don haka Safiya, in sun ba ki gurbi ki tafi. Mutanen da aka hana karatu suka gina wurin da hannunsu, sun san darajar wanda ya zo nema, kuma kawunki shaida ne. Ni dai ba zan ɗebi ƙasar sawunki ba, waya ma sai kin kira ni.

Abu ɗaya ya rage wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan dawowarsa da 'yan kwanaki muka je Bungudu tare don a raba kayan Inna. Da la'asar muna zaune a ɗakinta mu biyu, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin gado, ya daɗe yana kallon wurin da babu komai. Ya ɗago ya ce da ni, kun hau dutse ke nan. Na ce wa ya gaya masa. Ya ce ba kowa. Ya ce a daminar nan jikinsa ya ba shi Inna ba lafiya, ya kasa ci ya kasa karatu, har ya haɗa jakarsa ya yi sallama da malaminsa, ya yanke zai taho ko da karatun zai lalace. Da asubar ranar da zai tafi, ya yi salla, yana zaune a bakin gado yana ɗaura takalmi, sai ya ji ta daga ƙasa, kusa da ƙafarsa. Ya maimaita mini maganar nan kaf yadda ta faɗe ta, bai rage ko kalma ba. Ya ce ya cire takalmin ya mayar da kayansa, ya tafi aji, kuma tun daga ranar ya san ba zai ƙara ganinta ba.

Na ce, "Yaya, da ka ƙi ji ka taho."

Ya murza bakin tabarma da yatsa.

"Dije, tunda ta haife ni ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba sai rannan. Ta yaya zan ƙi?"